Kayan gwajin juyi a da'ira da na saya wa 'yan SS2

Ba wani abin kallo ba ne a ido: ɗan bututun roba, zaren nailan, ƙwallon roba mai huda, da ƙarafuna masu nauyi da ake ratayawa a ƙasa. A wani shagon kayan kimiyya da ke Sabon Gari, Kano, na same shi, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin albashin malami ba.

Abin da ya sa na saye shi, duk shekara yara suna haddace F = mv²/r, wato lissafin ƙarfin da ke riƙe abu yana juyi a da'ira, domin WAEC, amma ka tambaye su ina ƙarfin yake fuskanta, sai su ce waje. Sun shiga Keke Napep a shataletale, sun ji an watsa su gefe, shi ke nan magana ta ƙare a wurinsu. Da wannan kayan kuwa, yaro na riƙe bututun yana juya ƙwallon bisa kansa, idonsa na kan ƙarafunan da ke jan zaren. Ya ƙara gudu, sai ƙarafunan su hau. Ya sassauta, su sauka. Nan take yake ganin zaren yana jan ƙwallon ne zuwa ciki. Wata yarinya ta ce, "Malam, ashe majajjawa ce!" Haka ne kuwa: in zaren ya kufce, ƙwallon miƙewa yake ta inda ya fuskanta a lokacin.

Lissafin ma yana fita da kyau. Mukan auna lokacin juyi 20 da agogon waya mu raba. In nisan ƙwallon daga tsakiyar da'irar rabin mita ne, ana juyi ɗaya a sakan, saurin karkata zuwa tsakiya ya kai kusan 19.7 m/s², wato ninki biyu na 9.8 da suka sani na faɗuwar abu ƙasa. Ninka gudu sau biyu kuma ƙarfi ninki huɗu yake nema, kuma hannunsu na jin haka.

Inda ya gaza: bakin bututun na da kaifi, yana cin zaren, sai da na goge shi da sanfefa. Ba a rubuta nauyi a jikin ƙarafunan ba, dole ka nemi sikeli. Takardar bayanin kuma ba ta faɗi cewa zaren ba ya taɓa kwanciya sambal ba, nauyin ƙwallon yana ɗan sunkuyar da shi, wannan kuwa sai malami ya bayyana.

Duk da haka ina ba abokan aiki shawara su saya. Ku dai fitar da yaran fili, ajin da ke da tagar gilashi bai dace da shi ba.