Reza ko allura wajen farke ɗinkin bargo

Da ɗari ya ƙarato a Tahoua, sai a fiddo barguna masu auduga, wani ɗinkinsa ya karkace, wani zare na reto.

Reza ta fi sauri, shi ya sa teloli ke son ta. Amma hannu na ɗan gocewa sai ta tsaga atamfar, auduga ta leƙo, kuma wannan sai faci.

Ni na fi yarda da allura da ƙaramin almakashi, ko da za a ɓata yini. Ta bayan bargon, datse zaren bayan kowane ɗinki huɗu, juyo gaba, sa allura ƙarƙashin zaren sama ka ɗago, zai taho dogo. Mai reto kuwa kar a fizge shi, yana tattare yadin. Zura shi a allura, ƙulla, ka nutsar da ƙullin cikin audugar.