Furen rana: mai aure ko na ajiya?

Malam, ka tambayi wanne ya dace da gonarka ta bakin Gulbin Maradi: irin furen rana mai aure da ake sayarwa cikin leda, ko wanda manomi ke cirewa daga amfanin bara.

Mai aure iyayensa biyu ne, kowanne an tace shi shekara da shekaru kafin a haɗa su. Sau da yawa in dangantakar iyayen ta yi nisa, ɗan ya fi ƙarfi, shi ya sa masu bincike ke fara auna ƙwayoyin gadonsu. Gonarsa gwanin kyau: tsayi ɗaya, nuna lokaci ɗaya, ga yabanya in taki da ruwa sun wadata. Amma in ka ajiye ƙwayarsa ka shuka baɗi, sai ka ga wani dogo wani gajere, amfani ya ragu. Kowace shuka sai ka koma kasuwa.

Na ajiya kuwa ƙudan zuma ne ke masa barbara, kowane tushe da halinsa. Bai nuna tare, kuma yawanci bai kai mai aure cika buhu ba. Sai dai in ruwa ya ɗauke ko cuta ta shigo, wani ya faɗi wani ya tsaya. Kada a raina shi wajen mai: da zaɓen irin wannan ne masanin iri Pustovoit ya ɗaga man ƙwayar daga wajen kashi 30 zuwa sama da 50 cikin 100 a Krasnodar ta Rasha.

Abin da ke damuna da mai aure shi ne ƙarancin asali. A 1969 wani mai bincike, Leclercq na Faransa, ya samo uwar da ba ta fitar da garin barbara, abin da ke sauƙaƙa haɗa auren, daga haɗi da wani furen rana na daji, kuma galibin masu aure na duniya har yau wannan gadon suke ɗauke da shi. Masarar Amurka ta taɓa dogara da uwa ɗaya haka, a 1970 cutar ganye ta cinye wajen kashi 15 na amfaninta.

Tunda gwaji za ka fara, ni na ajiya zan ba ka. Ka cire iri daga kawuna masu yawa, yadda muke zaɓen zangarniyar gero, ba daga biyu ko uku ba. In za ka gwada mai aure, ka nisanta shi sosai, don zuma ba ta san iyakar gona ba. Ka kuma leƙa cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna kan lokacin shuka.