Kampanula ko Ziniya: wanne ya dace da tsakar gida a Garwa?

Hajiya, kin ce ƙanwarki ta aiko miki da fakiti biyu na irin fure daga Faransa, ɗaya an rubuta masa Campanula medium da hoton shuɗin fure mai siffar ƙararrawa, ɗayan kuma Zinnia, alhali ɗan fili guda ne kawai gare ki a tsakar gida a Garwa. Kina so ki san wanda za ki ba filin. Ki ba ziniya. Na san ranki ya fi kwanciya da mai ƙararrawar, don haka bari in jera miki su ki ga dalili.

Kampanula asalinta kudancin Turai ne, gangaren duwatsun kudu maso gabashin Faransa da arewacin Italiya, kuma rayuwarta shekara biyu ce. A shekarar farko ganye kawai take yi, masu ɗan gashi-gashi, su kwanta a ƙasa a kewaye, ba kara ba fure. Tana nan tana tara abinci a saiwa har sanyin Turai ya sauko ya wuce ta kanta. Sai bayan nan take fidda kara mai tsawon santimita 60 zuwa 90, ta jera furanni shuɗaye ko farare ko ruwan hoda, tsakanin Mayu da Yuli, ta zubar da iri, ta mutu. Masu lambun albasa a Marwa sun san wannan hali: kakar farko kan albasa ake samu, sai an adana shi an sake dasa shi lokacin sanyi yake fidda kara ya ba da iri. Bambancin shi ne albasarmu ta saba da ɗan sanyin hunturunmu, ita kuwa kampanula sanyin gaske take nema, makonni a jere zafi yana ƙasa da digiri 10, dare da rana. Daren Disamba da Janairu a Garwa, wanda mu ke lulluɓa da bargo saboda shi, yawanci tsakanin 15 da 20 yake yawo, da hantsi ya yi kuma an haura 30. A wurinta sanyi bai zo ba tukuna, don haka za ta ci gaba da zama da ganyenta tana jira, har Maris da Afrilu su zo da digiri 40, su gama da ita.

Akwai kuma maganar tsawon yini, wadda mutane kan manta. Ko ta sami sanyin, tana son doguwar rana kafin ta yi huda, irin ta bazarar Turai inda haske ke kai awa 15 ko 16. Mu a Garwa muna kusa da tsakiyar duniya, yininmu mafi tsawo bai cika awa 13 ba.

Ziniya kuwa 'yar Meziko ce, dangin furen rana, shekara guda take yi, ba ruwanta da jiran sanyi. Zafin da ke kashe waccan shi ke tashe ta. Ki shuka yau, cikin mako guda ta tsiro, wajen wata biyu kina tsinkar fure: ja, rawaya, ruwan goro, fari, ruwan hoda. Shuɗi ne kaɗai ba ta da shi, kuma a nan kampanula ta fi ta, babu gardama.

Tun daga irin za ki ga wadda za ta wahalar da ke. Na ziniya manya ne, masu faɗi kamar bakin kibiya, ko yaro zai iya ɗauka ɗaya-ɗaya ya binne a zurfin rabin gaɓar yatsa, kai tsaye a inda ake so ta zauna, a bar tazarar taƙi guda da ɗan ƙari tsakaninsu. Na kampanula ƙanana ne ƙwarai, kuma suna bukatar haske kafin su tsiro, saboda haka ba a binne su. A kan barbaɗa su a saman ƙasa mai laushi a kasko, a danna da tafin hannu, a riƙa yayyafa ruwa a hankali don kada ya kwashe su. Mako biyu zuwa uku suke ɗauka, a zafin da bai wuce 18 zuwa 21 ba. Idan saman ƙasar ya bushe na yini ɗaya, an yi asara, kuma kin san yadda iskar hunturu ke busar da komai. In kuma aka cika ruwa, tsiron ya ruɓe daga gindi. Ko babbar kampanula ba ta jure ruwa ya kwanta mata, abin da ya sa daminar Agusta a ƙasa mai laka, irin ta unguwannin da ke kusa da kogin Binuwai, ba ta yi mata daɗi.

Ita ma ziniya tana da nata aibun. Idan damina ta yi nisa ganyenta kan yi ɗigo-ɗigo, ko wata farar hoda ta rufe shi, musamman in an cunkushe ta ko ana watsa mata ruwa ta sama da yamma. Ki ba ta ruwa a gindi, da safe. Furenta ba shi da ƙamshi, kuma in ta tsufa takan yi tsayi ta kwanta. Amma yawan yanka shi ke ƙara mata rassa, don haka kada ki ji tausayinta. Ki bar kawuna kaɗan su bushe a jiki, ki murje su ki ajiye a takarda, kin sami irin baɗi ba sai kin jira saƙo daga Faransa ba. Sai dai in fakitin na aure ne, wanda aka rubuta wa F1, 'ya'yan ba lallai su yi kama da uwar ba.

Za a sami mai ce miki ki sa irin kampanula a firij ya sha sanyi. Ba zai yi aiki ba. Shukar ce ke jin sanyi, kuma sai ta girma ta yi ganye da yawa kafin ta fara ƙirga shi. Ɗaukar kasko sukutum a sa a firij na makonni kuwa, babu haske a ciki, ga ɗauke wuta, ga miya da ke neman wuri, ban ga gidan da za a yarda ba. Wani kuma zai ce a kai ta Ngaundare. Can tudu ne, sama da mita 1,000, dare ya fi sanyi, kuma shukar za ta fi daɗewa da rai, amma rana tana dumama sosai ko a Janairu, yininsu kuma bai kai namu tsawo ba a damina. Ganye mai kyau za a samu, fure kuwa ban sa rai ba.

Ƙofa ɗaya ce ta rage, sai ki duba fakitin da kyau. In an rubuta bisannuelle, tsohon nau'in ne mai shekara biyu, duk abin da na faɗa ya hau kansa. Amma akwai nau'in da kamfanin Sakata na Japan ya fitar, mai suna Champion, wanda ke fure a shekarar farko ba tare da sanyi ba. Shi ma yana son dogon yini, shi ya sa masu noma shi don sayarwa ke kunna masa fitila awa huɗu a tsakiyar dare, daga ƙarfe 10 zuwa 2, bayan tsiron ya yi ganye takwas zuwa goma. Matsalarsa a nan lissafin watanni ne. Yana bukatar wata huɗu zuwa biyar daga shuka zuwa fure. Oktoba akwai sauran zafi, irin ba zai so tsirowa ba. In kin bari sai Nuwamba, furen zai faɗa cikin Maris. In nau'in nan ne a hannunki, gwajin bai fi ƙarfinki ba: tukwane biyu ko uku masu huji a gindi, ƙasa mai yashi da ruɓaɓɓen taki, wurin da ranar safe kaɗai ke taɓawa, a farkon Nuwamba. Kada ki zuba irin duka, ki rage rabi.

In kuma siffar ƙararrawar ce ta shiga ranki, ki tambayi masu sayar da dashe a bakin titi wata bishiya ƙarama mai suna Tecoma stans. Furenta rawaya ne, tana jure fari, tana kuma daɗewa tana fure. Ki kula kada a ba ki wadda ake shinge da ita, mai siraran ganye da farin ƙaro kamar nono, domin ita ma furenta rawaya ne mai kama da ƙararrawa, amma 'ya'yanta guba ne, ba ta dace da gida mai yara ba.

Filin dai ki gyara shi don ziniya. Ki shuka rabin fakitin da saukar ruwan farko a Mayu ko Yuni, sauran rabin a Oktoba in ruwa ya ɗauke, ki riƙa ba ta da hannu har ƙarshen sanyi.