Akwatin katakon da na saya wa 'yan ajina

Tun ina kwalejin ilimi a Pankshin nake jin sunan Friedrich Froebel, Bajamushen da a 1840 ya raɗa wa makarantarsa ta ƙananan yara suna "lambun yara" a garin Bad Blankenburg. Ban taɓa riƙe kayan wasansa ba sai watan jiya, da na ci karo da kwafinsu a wani shagon kayan makaranta kusa da Taminus a nan Jos. Wani kafinta ne ke yi musu.

Na ɗauki saiti uku na farko: ƙwallaye shida na zaren ulu, sai ƙwallon katako da wani kamar gwangwanin madara da mai kama da ƙwayar ludo, sannan akwatin da na fi so, dunƙule ɗaya da aka yanka gida takwas.

Froebel ya tashi maraya, mahaifiyarsa ta rasu yana jariri. Ya koyi aikin gandun daji, ya zauna da Pestalozzi, wani shahararren masanin koyar da yara, a Suwizalan, ya kuma yi aikin tantance duwatsu a gidan adana ma'adinai na Balin. Kana buɗe akwatin nan za ka ga idon mai duwatsun. Ranar da sanyi ya hana mu fita, wata 'yar shekara huɗu da ba ta cika magana ba ta jera guda takwas ɗin, ta ce, "Malama, ga jirgin ƙasa." Ta rushe, ta gina masallaci. Da na ce ta raba da ƙawarta, huɗu-huɗu ta yi ba tare da na koya mata ba. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Kuma irin wannan makaranta ce gwamnatin Furusha, wata daula a Jamus ta wancan lokaci, ta haramta a 1851, shekara guda kafin Froebel ya rasu.

Aikin kafintan da sauran gyara. Gefen katakon bai sha goga ba, har sartse ya soki yaro ɗaya. Biyu daga cikin takwas ɗin sun fi sauran girma, murfin ba ya rufuwa, alhali mayar da su dunƙule ɗaya shi ne rabin darasin.

Na koma na ce, "Baba, don Allah a gyara." Mai shagon bai yi musu ba, ya canza mini a kwana uku. Ku saya, amma ku jera su cikin akwatin a gabansa kafin ku biya.