Wace tasta za ka saya kafin ka biya kuɗin gida a Kaduna?

Dillali zai nuna maka fenti da tayil, ya kunna ƙwai ɗaya ya ce ai ga wuta nan. Kamawar ƙwai ba ta gaya maka halin da wayoyin cikin bango suke ciki. Ko a Barnawa gidan yake, ko Rigasa, ko Unguwar Dosa, ka shiga da abin gwaji a aljihu. Iri huɗu ne aka fi samu a shagunan kayan wuta, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba.

Wadda kowa ya sani ita ce tasta mai kamar sukundireba, mai ɗan ƙwai a ciki. Tana da araha, amma abu ɗaya kawai take faɗa: akwai wuta a wannan waya ko babu. Sai ka ɗora yatsa a bayanta take kamawa, domin ta jikinka ɗan ƙaramin wutar ke bi ya sauka ƙasa. Idan ta tsage ko ruwa ya shige ta, kana cikin haɗari, kuma da rana tsaka haskenta da ƙyar ake ganinsa. Ban ba ka shawarar ka dogara da ita ba.

Akwai mai kamar biro, wadda ba sai ta taɓa ƙarfe ba. Ka kusanta ta da waya ko makunni, sai ta yi ƙara. Ta fi waccan aminci, sai dai batir take ci, kuma takan yi kuka don wata waya ta kusa. Ka fara gwada ta a soket ɗin da ka san yana da wuta kafin ka yarda da shirunta.

Ta ukun ita ce nake so mai neman haya ya kashe kuɗinsa a kanta: tastar soket. Filogi ne mai ƙananan fitilu, galibi uku. Kana cusa shi sai fitilun su kama, ka duba jadawalin da ke jikinsa. Zai nuna maka ko an juya wayar wuta da nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta), ko nutural ya yanke, ko kuma babu wayar ƙasa (wayar kariya mai zubar da wuta cikin ƙasa) sam. Wannan na ƙarshen shi ne abin tsoro. Wani mai haɗa wuta, don ya rage kuɗin waya, sai ya ja biyu ya bar ramin sama na soket ba komai. Firji zai yi sanyi, dutsen guga zai yi zafi, babu wanda zai lura, sai ranar da wuta ta taɓa jikin ƙarfen, yaro ya dafa da jiƙaƙƙen hannu, Allah ya kiyaye. Juya waya ma ba wasa ba ne: ka kashe makunni, amma wuta na nan cikin na'urar.

Wajen saye ka lura. Wutar Najeriya bolt 230 ce, soket ɗinmu mai ƙafa uku masu kusurwa, irin na Ingila. Wadda aka yi wa Amurka ta bolt 120 ce, ba za ta yi maka ba. In ka samu mai maɓallin gwada na'urar katse wuta ta miliamfiya 30 (mai yanke wuta da kanta idan wutar ta zurare), ƙara kuɗin ka ɗauka. Iyakarta kuwa, ba ta gane an musanya nutural da wayar ƙasa, kuma ba ta auna ko ƙarfen da aka binne aka haɗa da wayar ƙasa yana aiki sosai.

Ta huɗu, maltimita, wato mitar awon wuta mai tsinke biyu, ta fi su duka bayani, don tana ba ka lamba. Tsakanin wayar wuta da nutural ka ga kusan 230, tsakanin nutural da wayar ƙasa kusan sifili. Amma tsinkenta ake sa wa cikin soket mai wuta, don haka in ba ka saba ba, bar wa mai sana'ar. In za ka saya, nemi mai alamar CAT III, wato matakin kariyar da ya dace da gwada wayoyin gida.

Ka je duba gidan lokacin da Kaduna Electric suka kawo wuta, domin ƙaramin janareta kan sa tastar soket ta nuna matsalar da ba ta gidan ba ce. Bi kowane soket, musamman na kicin da na hita. Duk wanda ya nuna kuskure ka sa masa alama, ka nemi mai gida ya kira mai gyara da ke da lasisin NEMSA, hukumar tantance masu aikin wuta, ya gyara, a sake gwadawa a gabanka kafin ka tura kuɗi.