Wata huɗu ina cin naman watanda da kifin Dadin Kowa: ga abin da sikelina ya nuna

Ranar da likita ya duba takardar gwajin jinina ya ce sugana ya fara hawa, tuwon dare ya fara sokewa. Ya bi da shinkafa, burodi, taliya da lemon kwalba, ya ce in ƙara ganye, ƙwai, kifi da nama. Na ce to, amma a raina dariya nake. Ni malamin makaranta ne a Gombe, bakuna bakwai nake ciyarwa, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 nama a gidana ya zama ado a kan tuwo, yanka biyu ga babba, ɗaya ga yaro. Ga shi yanzu an ce adon ne zai zama abincin.

Wani abokin aikina ne ya nuna min hanya. Akwai mahaucin da ke haɗa watanda duk bayan mako biyu, ba sai da sallah ba kamar yadda muka saba. Yana da zaure a WhatsApp, mutum ya tura kuɗinsa kafin daren Alhamis, shi kuma ya sayo sa, a yanka a mayanka da asubahin Asabar. Lokacin da na shiga, kashi ɗaya naira 20,000 ne. Yadda yake rabon ya burge ni. Zai shimfiɗa leda a inuwa ya kasa tsoka tukuna, sannan ya bi kowane kashi da ƙashi, da kayan ciki, da kitse, ya manna lamba. Sai an gama kasawa ake jan ƙuri'a, don haka babu mai cewa an fifita Alhaji a kan Malam.

Asabar ta farko da na kawo nawa gida, na sa aka ɗauko ɗan sikelin da maiɗakina ke auna fulawar cincin. Kilo 4 ne cif. Da muka ware, tsoka zalla ta tashi kilo 2 da ɗan ɗoriya, ƙashi mai ɗan nama a jiki kusan kilo 1, sauran kuwa hanta, tumbi, huhu, guntun zuciya da kitse. A makon nan a babbar kasuwa an yi min kilon tsoka naira 6,500. Na zauna da biro na buga lissafi, sai na ga in tsoka kaɗai mutum ke so, babu ragin da ya samu, asara ma ya yi. Wanda matarsa za ta zubar da kitsen, ta ba almajiri huhun, gara ma ya je kasuwa ya nuna inda yake so a yanka masa.

Amma ga mai irin cimata, a wannan saura ɗin ribar take. Idan ka janye tuwo daga gaban mutum ka bar shi da tsoka da ganye, kafin goma na dare zai fara leƙa tukunyar yara, na gwada na gani. Maiƙo ne ke riƙe ciki. Kitsen nan maiɗakina ke narkarwa ta tace a kwalba, da shi ake soya min ƙwai da kabeji, man gyaɗa ya huta. Ƙashin kuma a dafa shi ya yi laushi, romonsa ya zama ruwan miyar kuka ko kuɓewa, in sha da cokali ba tare da tuwo ba. Tumbi da zuciya su tafi farfesu. Da haka kashi ɗaya yake kai ni kwana goma, har yara su samu rabonsu. Hanta dai sau ɗaya nake ci a mako, domin likitan ya ja min kunne a kan yawan kayan ciki, musamman ga mai fama da ciwon gaɓoɓi.

Sai dai mahaucin nan yana da nasa. Alƙawarinsa ƙarfe tara ne, amma cikin Asabar takwas da na yi da shi, sau uku kawai ya cika. Akwai ranar da aka kai azahar, kuma a zafin Afrilu na Gombe, nama na kwance a baƙar leda ƙudaje na shawagi. Wata rana kuma tsohuwar saniya ya yanka mana bai faɗa ba. Naman ya ci gawayin kwana biyu a tukunya ɗaya, kuma da aka sauke kamar kana tauna igiyar guga. Na kira shi na ce, "Haba Sarkin Fawa, wannan saniyar ai ta girme ni." Ya yi dariya ya ce, "Malam, a yi haƙuri, kasuwa ce ta yi tsauri, na gaba zan gyara." Ya kuwa gyara, har da ƙarin hanta. Wannan halin nasa na karɓar laifi shi ya sa ban fita daga zauren ba.

Babbar matsalar ba ma tasa ba ce, ta wuta ce. Duk wannan dabara a kan firiza take tsaye. A wata na biyu taransifomar unguwarmu ta lalace kwana biyu bayan na ɗauko kashi biyu a haɗe. Daren farko muka ce za a kawo. Washegari da la'asar maiɗakina ta buɗe firizar ta danna naman da yatsa, ya lotsa, jini ya fara taruwa a ƙasan roba. Ta ce, "Malam, in muka kwana da shi haka, gobe sai dai karnuka." A daren muka hura wuta a tsakar gida. Ta soya rabi ƙayau cikin kitsensa, ta daka wani ta yi dambu, ni kuma ina gefe ina fifita ragowar a kan waya da hayaƙi. Ba mu yi asarar ko yanka ɗaya ba, amma tun daga ranar ban ƙara ɗaukar kashi biyu ba.

Batun kifi kuwa, kowa ka tambaya zai ce ka je Dadin Kowa. Na je har sau biyu. Tafiyar kusan kilomita 40 ce a hanyar Biu, inda aka datse kogin Gongola. Sai ka yi sammako, domin kafin kwale-kwale ya taɓa gaci masu sari sun riga sun tare shi, kuma masunta sun fi son wanda zai kwashe gaba ɗaya. Na samu karfasa da tarwada da ragon ruwa, wasu ma suna motsi, a farashin da ya yi ƙasa da na cikin gari sosai. Daɗi kam ba a magana. Amma da na haɗa da kuɗin mota zuwa da dawowa, sai ragin ya narke. Zuwa na biyu mu huɗu muka haɗa man mota ɗaya da kula cike da ƙanƙara, a nan ne tafiyar ta biya kanta.

A nan ma sikeli ya koya min abu. Karfasa tana da kyan gani a faranti, amma in ka cire ɓawo, da kayan ciki, da kai, da ƙaya, abin da zai shiga bakinka da ƙyar ya kai rabin abin da ka biya. Tarwada ba ta da ɓawo, ƙayarta kaɗan ce, ga maiƙo, kanta kuma shi ne ran farfesu. Don haka yanzu ita na fi saye, kuma ba sai na je dam ba. Akwai masu kiwonta a tankuna cikin gari, in ka dace da ranar da suke kwashewa za su auna maka a farashin sari. Ta kiwo ba ta kai ta kogi ɗanɗano ba, wani lokaci har da ɗan ƙarnin ruwan tanki, amma wanki da toka ko lemon tsami yana rage shi.

Kifin ƙanƙara ne ya fi ba ni haushi. Titus na da mai mai kyau, yana ƙosarwa, amma daga waje ake shigo da shi, farashinsa da dala yake tafiya. Shawa ta fi araha, sai dai ƙaya kamar an watsa allurai. Sannan da ƙanƙararsa ake auna maka, ka zo gida ya narke ka ga ka sayi ruwa. Sau ɗaya na sayi wanda ya narke aka sake daskarar da shi, yana shiga mai ya dagargaje. Yanzu sai na duba idonsa, na danna jikinsa, in ya lotsa bai dawo ba in bar musu kayansu. Kifin banda kuma daga hannun mutum ɗaya da na sani nake saye, saboda akwai marasa tsoron Allah da ke fesa wa busasshen kifi piya-piya don kada ƙwari su ci.

Wani abin da ban farga da shi ba sai daga baya shi ne tsire da kilishi. Na ɗauka nama nama ne, ashe ƙulin da ake turbuɗa su ciki yana da nasa lissafi, wasu masu kilishin ma har sukari suke sawa a cikin haɗin. In kwaɗayi ya taso, balangu nake saye, in ce a rage yajin ƙuli. Ranar da aljihu ya yi sanyi kuwa, kiret ɗin ƙwai mai 30 shi ne rufin asiri, sai tsofaffin kajin gidan gona da suka daina ƙwai, masu tauri amma masu romo.

Sugana ya sauka, wandona ya yi min yawa, amma ni ba na shan magani tukuna. Wanda ke shan maganin suga ko yake allurar insulin, ko mai ciwon ƙoda, kada ya janye tuwo sai ya zauna da likitansa, domin suga na iya faɗuwa fiye da kima.

Yanzu tsarina kashi ɗaya ne na watanda duk mako biyu, tarwada kilo 2 a tsakani, da kiret ɗaya. Jiya Alhamis na tura kuɗin wannan makon, na kuma rubuta wa mahaucin a zaure cewa in tsohuwa ce ya faɗa tun da wuri, in sayo gawayi.