Kafin ka sayi fim ɗin barkwanci a kan cin zali a sakandare

Iyaye da malamai da dama suna neman fim ɗin da zai ba da dariya, kuma ya buɗe ƙofar magana a kan cin zali a makaranta, domin yaron da ake zalunta ba kasafai yake buɗe baki ba, sai an biyo masa ta bayan gida. Masu shirya fim a Amurka sun yi irin waɗannan da yawa, amma ba duka ne suka cancanci kuɗinka ko datarka ba. Ma'aunin da nake auna su da shi guda ne: me fim ɗin ya yi da wanda aka zalunta bayan shi ma ya sami ƙarfi?

Da wannan ma'auni, babu wanda ya kamo ƙafar Mean Girls na shekarar 2004, wanda Mark Waters ya ba da umarni, Tina Fey ta rubuta. Ba daga ƙagaggen labari ta ɗauko shi ba, daga littafin Rosalind Wiseman ne na 2002, Queen Bees and Wannabes, wanda aka rubuta domin iyaye su fahimci yadda 'yan mata ke haɗa rukuni su ware wata. Wannan tushe ne ya sa dariyarsa take da nauyi. Lindsay Lohan ta fito a matsayin Cady, mai shekara 16, wadda iyayenta suka koyar a gida a Afirka, sannan ta shiga makarantar sakandare a Evanston ta jihar Illinois. Rukunin Regina George, wadda Rachel McAdams ta fito a matsayinta, ya jawo ta jiki, wasu abokanta biyu kuma suka zuga ta ta zauna a ciki domin ta rusa shi.

Makamin waɗannan 'yan mata baki ne, ba hannu ba. Akwai dokar irin tufafin da za a sa ranar Laraba, akwai teburin cin abinci da ake korar mutum daga kansa, akwai kiran waya na mutum uku da ake sa yarinya ta zagi ƙawarta alhali ƙawar tana kan layi tana saurare. Sama da duka akwai wani littafi mai ruwan hoda da suke liƙa hotunan ɗalibai suna rubuta sharri a ƙasa. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san irinsa. A tamu makarantar, littafin rubutu ne da ake zagayawa da shi a ɗakin kwana bayan an kashe fitila, kuma na ga yarinyar da ta daina zuwa ɗakin cin abinci saboda layi ɗaya da aka rubuta a kanta, ba tare da kowa ya taɓa lafiyar jikinta ba.

Abin da ya ɗaga fim ɗin sama da saura shi ne bai bar Cady a matsayin baiwar Allah ba. Ta yaudari Regina da wani abincin ƙara ƙiba a kan cewa na rage ƙiba ne, ta raba ta da ƙawayenta, ta hau kujerarta, ta wayi gari ita ce azzalumar. Har ta rubuta ƙazafin sayar da ƙwaya a kan malamarta ta lissafi, kuma 'yan sanda suka shiga maganar. Haka muka sani tsakanin siniya da juniya: wanda aka sa wanki da ɗiban ruwa bana, shi ne mai riƙe da bel baɗi. Akwai wajen da aka tara 'yan matan a zauren wasanni, malamar ta ce su rufe ido, wadda aka taɓa yi da ita a bayan ido ta ɗaga hannu, sannan wadda ita ma ta taɓa yi da wata ta ɗaga. Hannaye suka tashi duka sau biyun. Malamin da ya nuna wannan wajen kaɗai ya sami abin tattaunawa na darasi guda.

Yana da aibinsa. Ya ɗauki Afirka tamkar daji guda mai namun dawa, ko sunan ƙasa bai ambata ba. Matakinsa PG-13 ne, wato an gargaɗi iyaye game da 'yan ƙasa da shekara 13, kuma wannan awon Amurkawa ne, ba namu ba: akwai shan giya a wajen casu, da sutura marar kamala, da barkwancin batsa. Babba ya fara kallonsa shi kaɗai, ya san wuraren da zai tsallake.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Drillbit Taylor na 2008 labarin yara uku ne da suka yi hayar mai tsaron lafiya, kuma maganinsa na ƙarshe dambe ne. Heathers, wanda Winona Ryder ta fito a ciki, matakinsa R ne, wato na manya, kisa ake yi a mayar da shi kamar mutum ya kashe kansa, don haka ba na gida ba ne. The DUFF na 2015 ya taɓo yaɗa bidiyon cin mutunci ta waya, amma ya karkata ga soyayya. Do Revenge na Netflix, 2022, sunansa ma ramuwa ne, kuma na manya ne.

Inda ake cutar mai saye shi ne wajen sunan Mean Girls. Fina-finai uku ne ke amsa shi. Akwai na 2004, mai tsawon minti 97. Akwai Mean Girls 2 na 2011, wanda aka yi domin talabijin, kuma a cikin manyan 'yan wasan farko Tim Meadows kaɗai ya dawo a matsayin shugaban makaranta. Sai na 2024, mai suna iri ɗaya sak da na farko, wanda aka ɗauko daga wasan dandamali mai waƙoƙi, da Angourie Rice da Reneé Rapp. Wani mai turi ya taɓa karɓar kuɗina ya zuba mini na 2011 a memori, an sauya wa fayil ɗin suna an cire lambar 2, da na koma kuma ya rantse mini cewa duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Kada ka bar shago sai an buɗe maka fim ɗin ka ga fuskar Lindsay Lohan, ka duba tsawonsa, ka ja shi zuwa ƙarshe ka tabbatar bai yanke ba.

A yi hattara kuma da bidiyon taƙaita labari na minti goma ko ashirin da ake liƙa wa hoton fim ɗin a ce cikakke ne, da kwafin da aka ɗauka da kyamara a sinima, wanda za ka ji tarin 'yan kallo a ciki. Mafi haɗari su ne adireshin da ake yaɗawa a WhatsApp da Telegram da sunan kallo kyauta, wanda idan ka latsa sai a ce ka sauke wata manhaja ko ka shigar da lambar katin bankinka. Fim ba ya buƙatar izinin karanta saƙonninka. Idan da hali, a yi haya ko a saya a dandalin da ke da lasisi, amma a fara bincika sunan kafin a biya kuɗin wata, domin abin da ke kansu yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Idan kuma aka miƙo maka mai fassarar Hausa, saurari minti biyar tukuna. Wasu masu fassara suna cusa nasu barkwancin, su laƙaba wa mai ƙiba ko mai sanyin hali sunan tsokana da babu shi a asali, sai yara su kwashe sunan su kai aji washegari. Gara wanda ke da rubutun Turanci a ƙasa, babba ya riƙa tsayarwa yana yi musu bayani.